Ba kowane maiƙo ne abin duka ba

Edita, assalamu alaikum.

Ni mai gwajin jini ne a nan Jos. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda shafukan lafiya suka mai da maiƙo kamar ɓarawon da aka kama a kasuwa, kowa ya zo wucewa sai ya kai masa duka.

Makon jiya wata baiwar Allah daga Gangare ta kawo ɗanta mai amosanin jini, wato sikila. Ta buɗe min kwano, romon ƙashin saniya ne, maiƙon har ya daskare don sanyin safiya. Ta ce, "Malam, ɓargon nan zai ƙara masa jini?" Na ce, "Hajiya, ba shi ya sha, abinci ne. Amma ɓargon saniya ciki yake zuwa ya narke, ba ya zarcewa ƙashin yaro."

Duk da haka ba ta yi nisa da gaskiya ba. A ɓargo ake ƙera jini, jajayen ƙwayoyi wajen biliyan 200 kowace rana. Na mai lafiya sukan yi kwana 120, na mai sikila kuwa 10 zuwa 20, shi ya sa ɓargon yaron nan ba ya samun hutu. Iyayen ƙwayoyin da ke haifar da jinin, da saƙo suke aiki, kuma wasu daga cikin 'yan aiken da maiƙo jiki ke ƙera su. Akwai furostagilandin E2, wanda ibuprofen ke tare wa hanya in an sha don ciwo. A 2007 wani likita mai bincike, Leonard Zon, da abokan aikinsa a Boston ta Amurka suka gano, a jikin wani ɗan mitsitsin kifi, cewa furostagilandin ɗin yana ƙara yawan iyayen ƙwayoyin. Daga baya har aka gwada jiƙa jinin cibiyar jarirai a cikinsa kafin a dasa wa marar lafiya. Akwai kuma wani ɗan aiken mai suna S1P, wanda ya fi yawa a jini, sai iyayen ƙwayoyin su bi shi su fito daga ƙashi kamar yaron da ya ji ƙamshin tsire.

Kada masu tallan maganin ƙarin jini a tasha su ce na ba su fatawa. Wannan maiƙon jiki ne ke haɗa abinsa, ɗan ƙanƙani, ba a auna shi da ludayi.

Roƙona, ku gayyato likitan jini ya yi wa masu karatu bayani a shafinku. In kuma za ku buga wasiƙar nan, don Allah a bar wa ɓargo ƙugiyarsa, kada mutanen Jos su ɗauka bargon lulluɓa nake nufi.

Naku,
Mai gwajin jini, Jos