Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya ba mu hayar karaban

Zuwa ga Manaja,

Bayan gaisuwa. Sau uku ina aiko muku da imel, sau biyar ina bugo waya. Duk bugun da na yi sai a haɗa ni da sabon ma'aikaci, in ɗauko labarin daga tushe, ya saurare ni da ladabi, ya ce zai miƙa wa waɗanda abin ya shafa. Yau mako shida ke nan, shiru kake ji. Shi ya sa na fito da maganar fili. Da gangan kuma na rubuta wannan da Hausa, domin a cikin 'yan'uwanmu mazauna Brisbane, a nan Ostireliya, akwai gidaje biyu da suka nemi in ba su lambarku, suna shirin irin tafiyar da muka yi. Ta Turanci tana akwatinku tun jiya.

A hutun makaranta na watan Satumba na karɓi karaban ɗinku, ɗakin nan na tafi-da-gidanka da ake ja da mota, na kwana goma sha shida. Mu shida ne: ni, uwargida, yara uku, da mahaifiyata Hajiya wadda ta zo mana ziyara daga Kano. Ban ɓoye muku inda za mu ba. A takardar da na cike na rubuta hanyar baki ɗaya: Brisbane zuwa Longreach, Winton, Cloncurry, mu haura Normanton da Karumba a bakin tekun Carpentaria, mu yanko gabas zuwa Cairns, sannan mu gangaro gida ta gaɓar teku a kan titin Bruce. Kusan kilomita 4,700. Ma'aikacinku ya duba, ya ce wannan karaban ai don irin wannan hanya aka yi ta, har ya ƙara min kuɗi a kan abin da ya kira shirin shiga daji, wanda a cewarsa ya haɗa da layin agaji dare da rana. Na biya. Na kuma ajiye dala 2,000 kuɗin ajiya, kuka ce za ku mayar min da su idan na dawo da kayanku lafiya.

Firji ne ya fara. Wanda bai san zaman Musulmi a cikin ƙasar Ostireliya ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Da zarar ka bar manyan garuruwan gaɓar teku, samun mahaucin da ke sayar da naman halal sai an tona. Don haka uwargida ta kwana biyu tana shiri, ta sayo naman rago da kaji, ta yanka, ta ƙulla a leda daidai girkin kowace rana, ta jera a firiza. A cikin firjin kuma akwai allurar insulin ta Hajiya, wadda ake so ta zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8. Na faɗa wa ma'aikacinku wannan ranar da na zo ɗauka. Ya buɗe firjin, ya sa hannuna a ciki, ya ce ji sanyi. Akwai sanyi kuwa, tunda a jone yake da wutar ofishinku.

Irin wannan firji hanya uku yake aiki: da wutar gari idan an sauka a masauki, da batirin mota idan ana tafiya, da gas idan an yada zango inda babu wuta. Naku da wutar gari kaɗai yake aiki. Mu ba mu sani ba, saboda daren farko da na biyu duk a masaukin da ke da wuta muka kwana, sai ya riƙa yin ɗumi da rana yana farfaɗowa da dare. A Winton uwargida ta taɓa ledar kaza ta ji ta yi laushi. Na buga muku daga can, aka ce in kashe in kunna. Na kashe na kunna. Washegari da la'asar, bayan kilomita 350 a cikin rana, muka isa Cloncurry, babbar 'yata ta buɗe ƙofar karaban ta ja da baya tana toshe hanci. Jini ya tsiyayo ta ƙasan firjin ya bi dandamali har ƙarƙashin gadon yara. Naman kwana goma sha biyu muka ɗaure muka jefa a bola. Daga ranar sai kifin gwangwani da ƙwai. Insulin kuwa muka mayar da ita cikin kula, muna sayen ƙanƙara a duk gidan man da muka tsaya.

Duk da haka ba mu karaya ba. Mun zaga Cloncurry da safe, garin da jirgin saman da ke kai likita ƙauyukan nesa ya fara tashi a 1928, muka kuma shiga maƙabartar garin inda aka binne wasu daga cikin Musulmin da suka yi fataucin raƙuma a wannan yanki tun kafin zuwan mota. Hajiya ta tsaya ta yi musu addu'a, ta daɗe, ta ce ashe har nan Musulunci ya riga mu zuwa. Ina ambata wannan ne don ku san ba mutanen da ke neman abin ƙorafi ba ne mu. Tafiyar tana mana daɗi.

Daga Cloncurry zuwa Normanton kusan kilomita 380 ne, kuma wurin shan mai guda ne a tsakiya, a mahaɗar da ake kira Four Ways. Bayan nan sai fili, da suri jere kamar an shuka su, da shanu masu tozo waɗanda Hajiya ta rantse na Fulani ne aka sato. Mun wuce mahaɗar da kamar kilomita 90, wajen ƙarfe ɗaya na rana, na ji ƙara kamar an harba bindiga, motar ta fizge, karaban ta fara rawa a madubi. Allah ne ya tsare, domin babu mai zuwa ta gabanmu. Na lallaɓa na sauka gefe. Tayar hagu ta fashe, fatarta ta ɓare ta daki murfin taya ta tsaga shi, ta kuma tsinke bututun tankin ruwa. Muna tsaye muna kallo ruwanmu na tafiya cikin jar ƙasa.

Na ce ba komai, akwai safaya. Na kwance ta daga baya, na ji ta sakwaf, babu iska ko kaɗan. Na buɗe akwatin kayan aiki, ga jak, babu hannunsa. Na ciro waya in kira layinku na dare da rana, babu sabis ko ɗigo. Ma'aunin zafi na mota yana nuna digiri 37. Ƙudaje irin na dajin nan, masu neman ido da hanci, suka yi mana caa. Uwargida ta shimfiɗa wa Hajiya tabarma a 'yar inuwar karaban, ta rungume kular nan a cinya ta lulluɓe ta da mayafi, tana buɗewa jifa-jifa tana duba ƙanƙarar da ke komawa ruwa. Sau biyu tirelar nan mai jan bodi uku, wadda tsawonta ke haura mita 50, ta wuce mu, iskarta ta girgiza karaban a kan ƙafa ɗaya har ƙaramin yaron ya fashe da kuka. Hajiya ba ta ce min komai ba sai, "Kai, zauna ka sha ruwa, zirga-zirgar nan ba za ta hura taya ba."

Mun fi awa uku a wurin kafin wani dattijo mai aikin garken shanu ya tsaya da motarsa. Yana da jak, yana da injin hura taya. Shi ne ya durƙusa ya goge gefen tayar da ta fashe da babban yatsa, ya nuna min lambobi huɗu: 1416. Ya ce biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato an ƙera ta a mako na 14 na 2016. Taya mai shekara tara kuka ɗora wa iyali kuka tura su daji. Muka duba ta dama, lambar ɗaya ce. Safayar ma sa'arsu ce, gefenta duk ya tsattsage kamar faso. Ya hura ta, ya ce kada in wuce gudun 50, in kuma riƙa tsayawa ina taɓa ta. Na miƙa masa kuɗi ya ƙi karɓa.

Haka muka rarrafa sauran hanyar, muka shiga Normanton bayan isha'i. Ku da kanku kun gargaɗe ni a rubuce kada in yi tuƙi bayan faɗuwar rana saboda kangaru da shanu. Tayarku ce ta sa ni yi.

Da safe na same ku a waya. A nan ne na fara jin cewa agajin naku yana da iyaka, bai kai nisan da muke ba, kuma taya da gilashi a wuyan mai haya suke. Na tambaya to shirin shiga dajin da na biya, wane daji ake nufi? Aka ce in duba shafi na tara na yarjejeniyar haya. Insulin ta riga ta kwana cikin ruwan ɗumi, dole muka kai Hajiya asibitin garin, aka duba ta aka rubuta mata sabuwa. Mutanen kirki ne, amma ita baƙuwa ce, ba ta da Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati, daga aljihuna komai ya fito. Tayoyi uku na saya, muka jira su kwana biyu. Mai gyaran wutar mota da ya duba firjin bai yi minti goma ba ya nuno min wayar da ke kawo wuta daga mota, ta ci tsatsa ta rabu, kan gas ɗin kuma ya toshe da datti. Ya ce wannan ba lalacewar mako ɗaya ba ce, ya kuma rubuta min haka a rasit.

Kwana biyun nan sun ci mana masaukin da muka kama a Karumba da kuma zagayen kogon dutse na Undara da muka riga muka biya, wanda saboda shi yara suka yi wata guda suna lissafi. Mun dai kwance karaban muka je Karumba da mota, kilomita 70, muka ga rana tana faɗawa cikin teku, Hajiya ta ga tsuntsayen da ta ce gauraki ne ba su da tukku. Yara sun hau hoto da gunkin kadan nan na Normanton mai tsawon mita 8.63. Sauran hanyar, ta Croydon da Georgetown har muka hau tsaunin Ravenshoe muka gangara Cairns, lafiya lau, a kan tayoyin da na saya da kuɗina.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da na bar wa Allah. Ranar da na dawo da karaban, wata ma'aikaciyarku ta zagaya ta da na'ura tana ɗaukar hoto, ta leƙa ƙasa, ta shafo jar ƙura a yatsa ta nuna min kamar ta kama ɓarawo. Bayan kwana huɗu sai ga takarda: kun riƙe dala 2,000 ɗin gaba ɗaya, wai na bi hanyar burji, abin da yarjejeniya ta hana, kuma wai shi ne sanadin fashewar taya da tsagewar murfi da tsinkewar bututu.

To bari in amsa muku. Duk hanyar da na rubuta muku mai kwalta ce, kuma ita na bi. Sai dai a wurare da yawa kwaltar layi ɗaya ce a tsakiya, idan babbar mota ta taho dole ka sauke ƙafa biyu a kan ƙasa ka ba ta wuri, in ba haka ba ta bi ta kanka. Akwai kuma inda ake gyaran titi aka karkatar da kowa ta gefe. Duk wanda ya taɓa zuwa yankin ya san babu motar da ke dawowa daga can ba ja ba. Kun ba da hayar karaban da sunan ta daji ce, kun karɓi ƙarin kuɗi a kan haka, sannan ƙurar dajin ta zama hujjar cinye kuɗin ajiya. Wannan ne abin da ya fi ci min rai, ya fi naman, ya fi awa ukun da muka yi a rana.

Ni ma ina da nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Ban duba shekarun taya ba ranar ɗauka, ban ma san ana dubawa ba, na sa hannu a takarda ban karanta shafi na tara ba. Akwai kuma ƙarcen da ke kusurwar baya ta dama. Ni na yi shi a Mission Beach, ina ja da baya yara suna ihu sun ga tsuntsun nan mai kama da jimina, na goga da itace. Ku kimanta shi ku cire, ba zan yi musu ba.

Sauran kuwa ba nawa ba ne. Dokar kare masu saye ta Ostireliya, wadda ta fara aiki a 2011, ta shafi kayan haya kamar yadda ta shafi na sayarwa. Ta ce kaya su kasance masu inganci, marasa haɗari, su kuma dace da aikin da mai karɓa ya bayyana tun farko, kuma babu wani shafi na tara da zai soke wannan. Na bayyana muku aikin, gari bayan gari.

Abin da nake nema shi ne ku mayar min da kuɗin ajiyata bayan cire na ƙarcen, ku biya ni kuɗin tayoyi uku da ke kan karaban ɗinku yanzu haka kuna ba wasu haya da su, da na gyaran firji da bututu, da na asibiti da insulin, da na masauki da zagayen da muka rasa, da kuma ƙarin da na biya na agajin da bai zo ba. Rasit na kowanne yana haɗe da wasiƙar Turancin. Naman na yafe, ban ajiye rasit ɗinsa ba. Ina kuma roƙonku, tsakani da Allah, ku sa a duba lambobin tayoyin sauran karaban ɗinku kafin hutun Disamba, lokacin da zafin yankin ke haura 40.

Na ba ku kwana goma sha huɗu daga yau. Idan ban ji daga gare ku ba, zan kai ƙara ofishin kula da cinikayya na jihar Queensland, daga nan kuma kotun QCAT, wadda ke sauraron irin wannan rikici har zuwa dala 25,000. Tayar da ta fashe tana garejina, ban jefar ba, lambobinta huɗu suna nan raɗau. Duk wanda kuke so ya zo ya gani, ina gida bayan ƙarfe biyar.

Naku,
Wani magidanci daga kudancin Brisbane