Wasiƙa zuwa ga Yaya daga wurin aikin dare

Bradford, Ingila
Disamba 2025

Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya jikin Inna? Ya maigidan da yara, ya kuma hunturu, da na san yanzu ya kankama a Kaduna? Allah ya ba Inna sauƙi, ya sa kaffara ne.

Saƙon muryar da kika turo ta WhatsApp ya same ni ƙarfe 2 na dare ina ɗakin magunguna, na saurare shi har sau uku. Ban kira ki ba, don na san in na buɗe baki kuka zan yi, ke ma ki kama, mu rabu ba mu ce komai ba. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Kin ce Inna ta tara miki maƙwabta wai kin sace kuɗin adashin da ta ƙulle a bakin zani. Kin ce da magariba ta kawo kai sai ta ɗaure kayanta a ɗankwali ta nufi zaure wai za ta gida, alhali ta haura shekara 40 a gidan. Tana tambaya ko Baba ya taso daga masaƙa, bawan Allah da ya yi shekara 11 a kabari. A ƙarshe kika ce ni ina nan ina jinyar iyayen Turawa, an bar ki da tamu ke kaɗai. Wallahi ban ji haushi ba, Yaya. Maganar da nake faɗa wa kaina ce kullum, sai dai wannan karon daga bakinki na ji ta.

Tun da na zo a 2022 ban taɓa ba ki labarin aikin nan yadda yake ba, kullum sai in ce lafiya lau. Yau zan ba ki, domin abin da ke damun Inna, wato gigin tsufa, shi nake kwana da shi.

Inda nake aiki ba asibiti ba ne, gidan kula da tsofaffi ne waɗanda jiki ko hankali ya kai su inda ba za su iya zama su kaɗai ba. Ba ma ce musu marasa lafiya, mazauna muke cewa, saboda nan ne gidansu har ranar da ta Allah za ta kasance. A hawan da nake su 32 ne. Da dare ni kaɗai ce nas, sai mataimaka 3: 'yar Zimbabwe, 'yar Kerala ta Indiya, da wata Baturiya haifaffiyar garin nan. Likita ba ya kwana a gidan. In numfashin wani ya canja ko wata ta faɗi a banɗaki, ni zan yanke ko in buga 111 a ba ni shawara, ko 999 motar asibiti ta zo, ko in sa ido zuwa safiya. A gida Najeriya ko ba komai akwai likita mai jiran kira, akwai babbar nas da za ki ruga wurinta. A nan duk abin da ya faru sunana ne a kan takarda.

Ina karɓar aiki ƙarfe 8 na dare in miƙa 8 na safe. Da farko ni da nas ɗin rana za mu ƙirga magunguna masu ƙarfi irin su mofin, ƙwaya bayan ƙwaya, kwalba bayan kwalba, mu sa hannu mu biyu a kundi, sannan ta ba ni makullai. Daga nan sai rabon maganin dare. Akwai waɗanda haɗiya ta yi musu wuya, sai an kaɗa musu wani gari a ruwa ya yi kauri kamar koko, don kada ya sarƙe su ya gangara huhu. Masu kwance muna juya su duk awa 2 ko 4, mu duba ƙugu da dunduniya, domin fatar tsoho in ta daɗe a danne sai ta mutu ta zama gyambo, warkewarsa kuwa sai a kwashe watanni. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba da aka mayar da agogo baya, awa 13 na yi a tsaye.

Duhun wannan watan shi ya fi cin raina. Rana ba ta fitowa sai 8 ta gota, kafin 4 na yamma ta faɗi. In na sauka daga bas na yi wanka na kwanta, sai in saita waya ta tashe ni, in ba haka ba Azahar da La'asar su wuce ni cikin barci ɗaya. Akwai makon da ban ga rana da idona ba. Ina shan bitamin D kullum, kamar yadda hukumar lafiya ta nan take ba masu baƙar fata shawara.

Bradford garin masaƙu ne, Yaya, na ulu. Gine-ginen suna nan da dogayen bututun hayaƙinsu, irin ta Salts da ke Saltaire wadda aka rufe a 1986. Duk sanda na gan su Kakuri nake tunawa, da Baba a kan keke da kwanon abincinsa ɗaure a baya. Muna da wata tsohuwa mai shekara 91 da ta yi ƙuruciyarta a gaban injin saƙa. Kusan kullum wajen 4 da rabi na asuba sai ƙararrawar ɗakinta ta kaɗa. In na je sai in tarar ta ɗora kwat a kan rigar barci, jaka a hannu, takalmi ƙafa ɗaya, tana cewa a buɗe mata ƙofa za ta makara a yanke mata albashi. Makona na farko na yi abin da na ɗauka shi ne daidai: na ce mata masaƙa ta daɗe da rufewa, mijinta ma ya rasu. Ta dube ni, bakinta ya hau rawa, ta zauna a gefen gado ta fashe da kuka irin na wadda aka kawo wa saƙon mutuwa yanzun nan. Baturiyar nan ce ta ja ni gefe ta ce kada in sake. Yanzu in na shiga sai in ce, “Zauna ki sha shayi tukuna, waje da sanyi.” In kawo mata shayi da gasasshen burodi, in tambaye ta injin nawa take kula da su, in ajiye mata kwandon tawul. Hannun nan da ke karkarwa sai ki ga ya natsu, tana ninkewa baki da baki, tana ba ni labarin ƙarar inji da ta sa suka koyi karanta leɓen juna. Kafin rabin awa ta koma gado.

To don Allah in Inna ta tambayi Baba, ki daina ce mata ya rasu. Ke kin yi zaman makoki sau ɗaya, ita duk sanda aka faɗa mata sabo ne. Ba ƙarya na ce ki yi mata ba. Ki ce, “Inna, wace miya ma ya fi so ki yi masa?” ki bar ta ta yi ta bayani. Ki ba ta wake ta tsince ko kuɓewa ta yanka da wuƙar da ba ta da kaifi sosai, hannu bai cika mantuwa da wuri ba.

Maganar sata kuwa, na san ita ta fi yi miki zafi. Ni ma an ce na saci zobe, an ce na saci haƙoran roba, muka same su naɗe a takarda cikin silifas. Inna ce ke ɓoye abin don tsoron kada ya ɓata, sai ta manta ta ɓoye, sai zuciya ta nemo mai laifi, wanda ya fi kusa kuma shi ake fara kamawa. Da ba ke ce a gabanta dare da rana ba, da ba sunanki za ta kira ba. Kada ki tsaya rantse-rantse. Ki ce mata ku nema tare, ki lura da wuraren da take cusa abu, ƙarƙashin katifa ko cikin kwallayenta, ki kuma ajiye 'yan canji a wani ƙyalle da za ki iya fito mata da su.

Rikicin magariba sananne ne a wannan ciwo, mu ma daga faɗuwar rana gidan ke hargitsewa. Ki kunna fitila tun kafin duhu ya shigo, a rage rediyo da hayaniyar yara. In ta dage za ta gida, ki yafa mayafi ki raka ta zuwa bakin layi, ku gaisa da mai kanti, ku juyo. Ki sanar da maƙwabta da masu shagon layin, su san in sun gan ta ita kaɗai su riƙe ta da hira su aiko. Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne kada a kulle ta a ɗaki, kada kuma a ɗaure ta.

Na ji Gwaggo ta ce sammu ne, wasu sun ce iska. Addu'a da tofi ba na hana su, ni ma ba na fasa yi mata. Amma ba hayaƙi, ba tsawa, ba jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Abin da muke kira gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, likitoci na ce masa dimenshiya, kuma yana kama limami da fada, mai kuɗi da talaka. Ku kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Na san abin da mutane za su ce in sun ji sunan wurin, ki toshe kunne. Babu maganin da ke warkar da shi, amma a duba ko akwai wani abu da ke ƙara rura shi. Ki riƙe wannan da kyau: duk ranar da kika ga ta rikice farat ɗaya fiye da jiya, ko ta yi ta barci ba dalili, kada ki ce tsufa ne. Sau da yawa zazzaɓi ne, ko ciwon mafitsara, ko suga, ko ta kwana uku ba ta zaga ba. Waɗannan duk ana maganinsu, sau da yawa ta dawo yadda take.

Kafin in zo, ni ma ina cikin masu cewa Bature zubar da iyayensa yake yi. Akwai waɗanda ba mai leƙo su, gaskiya ne, na ga wanda katin gaisuwa ɗaya bai samu ba duk shekara. Amma akwai wata mata mai shekara 68 da ke zuwa kowace yamma ta taje wa uwarta kai, ba ta tafiya sai na karɓi aiki ta damƙa mini ita. Shekara 6 ta yi tana jinyarta a gida har bayanta ya gaza, aka sayar da gidan uwar ake biyan kuɗin wurin. Ranar da ta ba ni labari ke na gani a fuskarta. Abin da mu huɗu muke yi, a biya mu, mu miƙa wa wasu da safe mu je mu kwanta, shi kike yi ke ɗaya ba mai karɓar ki.

Watan jiya muka yi rashin wani dattijo Musulmi. Daga Mirpur ta Pakistan ya zo tun shekarun 1960, aikin dare ya yi a masaƙa kamar yawancin mutanensu. Ciwon ya share masa Turancin da ya koya tas, ya koma harshen uwarsa, ni kuma ba na ji. Amma in na shiga na yi sallama sai ya amsa cikakkiya, in na ja Fatiha sai leɓensa ya bi. Daren da numfashinsa ya fara yankewa yana dawowa, wajen ƙarfe 3, na buga wa ɗansa. Kafin ya iso muka juya gadon ya fuskanci alƙibla, wadda a nan kudu maso gabas take. Na jiƙa auduga ina shafa masa a leɓe, ina maimaita kalmar shahada a hankali kusa da kunnensa. Ɗan ya shigo da rigar barci a ƙarƙashin kwat, ya riƙe hannun uban, ba a yi minti 20 ba rai ya yi halinsa. Na duba bugun zuciya da idanu, na rubuta lokaci, na shafe masa ido. Baturiyar ta buɗe taga kaɗan, al'adarsu ce in an yi mutuwa. Da na fito na shiga ɗakin wanki na rufe ƙofa, abin da ke raina shi ne wa zai jiƙa wa Inna leɓe in ina nan. Agogo ya nuna 4 da rabi, wato 5 da rabi a wurinku, lokacin da kike kama ta zuwa alwala.

Na yi tunanin ɗauko ta. Bizar ziyara wata 6 ce iyakarta, ta zama kuwa samunta ga iyaye sai wanda ya gani. Ko da ma an bayar, raba ta da ɗakinta da kiran sallar masallacin layinmu zai ƙara dagula ta ne.

Ga abin da na yanke. Daga wannan watan zan ƙara a kan abin da nake turowa, ki nemo mace mai hankali da haƙuri, ko cikin dangi ko a unguwa, ta riƙa kwana da Inna dare huɗu a mako, a biya ta. Ba don Inna kaɗai ba, don ki samu barci. Zan kira Kawu da kaina in yi masa bayani, kada wani ya ce kin gaji da uwarki. Na kuma nemi hutun mako 4, an sa mini hannu, in Allah ya yarda da ni za a fara azumi. Dararen makonni huɗun nan nawa ne, ke ki tafi ɗakinki ki rufe ƙofa.

In kin samu mai zuwa, a sako mini kuka da daddawa da yaji, ban da kilishi, ba a barin nama ya shigo. Ki gaida Gwaggo da Kawu, ki shafa mini kan yara. Gobe da na sauka aiki zan kira, wajen 10 na safe a wurinku, lokacin ta karya hankalinta ya fi zama. Ki kara mata wayar a kunne. In ta kira ni da sunan ƙanwarta kamar wancan karon, kada ki gyara mata, zan amsa.

Wassalam.

Ƙanwarki