Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Ministan Albarkatun Ruwa: kachala ta shaƙe dausayin Haɗeja-Nguru

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa.

Ba sai mun nuna maka inda hanyoyin ruwa na Marma da Burum Gana suke ba. Kukanmu a kan yadda ake sakin ruwa daga madatsun Tiga da Challawa ne, domin daga can ake ciyar da kachala, doguwar ciyawar ruwa da ta shaƙe dausayin.

Kafin a gama Tiga a 1974, kogin Haɗeja ya san lokacinsa. Ya cika ya malale fadamu a Agusta da Satumba, rani ya yi ya ja baya. Ambaliyar ce ke wanke laka daga hanyoyin ruwa, ita ke kai tarwaɗa da ƙarfasa cikin ciyawa su yi ƙwai, ƙafewar rani kuma ta ƙone duk tsiron da ba ya jure ƙishi. Da Challawa ta biyo baya a 1992, sai aka koma tsiyayo ruwa kaɗan-kaɗan shekara zagaye. Ruwa mara zurfi, mara gudu, wanda ba ya ƙafewa, shi ne aljannar kachala. Ta tsaya, ta tare laka, lakar ta toshe hanya. Yau ruwa ya karkata ta Marma ya kwanta a gonakin Nguru, ga manoman Gashuwa suna jiran abin da bai iso ba.

Kachala ba ta zama da maƙwabci. Inda ta kafa, bado da burgu sun tafi, kwale-kwale ba ya ratsawa, raga ba ta jefuwa. Ɗinya da kirinjijiya da tsuntsayen da ke tasowa daga Turai lokacin hunturu buɗaɗɗen ruwa suke nema. Wanda ya samu masauki shi ne jan-baki, ya kwana a ciki, da safe ya faɗa wa shinkafa. Sai a turo jirgi ya yi feshi, gubar kuwa ba ta tambayar sunan tsuntsu.

A 2006 gwamnonin jihohi shida sun taru a Damaturu, aka amince da tsarin kula da kogin, aka kafa asusu. Nguru da Marma kuma suna cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya tun 2000. Takardu dai, masha Allah, sun cika.

Mun ga injinan yankan ciyawa, mun gode. Amma yanka a saman ruwa aski ne kawai. Saiwar kachala ta cikin kara take shaƙar iska, don haka sai an sare ta kamar taƙi ɗaya ƙarƙashin ruwa, sau biyu ko uku a kaka guda, kafin ta fid da kai, sannan saiwar ta ruɓe. Cinna mata wuta ma ganye kawai yake ci. Kuma ko an yi yankan daidai, muddin ruwan rani na kwance, iri zai sake tsirowa.

Don Allah, ranka ya daɗe, ka sa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja-Jama'are ta fitar da jadawalin sakin ruwa a rubuce, kowa ya gani: a saki mai ƙarfi a Agusta, a rage na rani zuwa abin da Kano da gonakin noman rani ke sha da gaske, a kafa ƙofar raba ruwa a bakin Marma domin a riƙa busar da hanyoyin bi da bi. Yashe Burum Gana ya biyo baya. Maganar gina madatsar Kafin Zaki a kan kogin Jama'are kuwa, a dakata tukuna, wannan kogin ne kaɗai ya rage yana kawo ambaliyar damina.

Naka,
Masu bibiyar lamuran dausayin Haɗeja-Nguru