Wasiƙa zuwa Shefild kan bangon hawa a gareji

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya sanyin Ingila? Saƙonka ya iso, na kuma ga awon garejin: faɗi mita 3, tsawo mita 5, daga ƙasa zuwa silin mita 2.4. Ka ce ruwan sama na hana ka zuwa hawan duwatsun Peak District, kana son bangon atisayen hawa a gida. Wurin zai isa, amma sai ka cire ranka daga MoonBoard cikakke, wato bangon atisayen hawa mai ƙayyadadden awo. Shi filawud uku yake ci, kuma yana neman tsayin da ya haura mita 3. Ai shi ma Ben Moon da ya ƙirƙiro shi, a kan bangon katako irin wanda za ka yi ya horu, a wani ɗakin tsohuwar makaranta nan garinku.

Tun da silin gajere ne, karkata bangon za ka yi ya rinjayo kanka. Filawud ɗaya santimita 122 ne a 244. Ka kwantar da biyu, ɗaya bisa ɗaya, ka sami fili mai faɗin 244 da tsawon 244. In ka karkata shi digiri 40 daga tsaye, zai ci mita 1.87 a tsayi, ya shigo ɗaki da mita 1.57. Ka ƙara masa allon ƙafa, wanda ake takawa a fara hawa, a tsaye daga ƙasa mai santimita 30, tsayin ya zama 2.17. Ragowar ba banza ba ce, kaurin katakon baya zai cinye ta. Digiri 30 ya fi sauƙi a hannu, sai dai yana cin mita 2.11, ka ga allon ƙafar dole ya ragu. Ni 40 nake ba ka shawara: a gajeren bango karkata ce ke maye gurbin tsawo, kuma bango mai sauƙi wata biyu ya ishe ka gundura da shi. Bayan inda bakin bangon ya tsaya ka bar aƙalla mita ɗaya da rabi babu komai, don ba a miƙe ake faɗowa ba, baya ake yi.

Filawud ɗin ya zama mai kaurin milimita 18, na gini. Kada kafinta ko mai shago ya lallashe ka da MDF (allon garin katako da aka matse) ko allon ɓarɓashin katako don arha. Noti na fizgewa daga cikinsu, damshin gareji kuma na kumbura su. Ƙashin bayan kuwa katako tu-bai-sikis, guda biyar a jere bin karkatar, tazarar santimita 61 daga tsakiya zuwa tsakiya, da ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, sannan gajeru a gicciye daidai inda filawud biyun suka haɗu. In ka manta da waɗannan gajerun, bakin filawud zai riƙa lanƙwasa duk lokacin da ka ja.

Inda ake samun haɗari shi ne abin da zai riƙe saman. Bangon da kayansa zai haura kilo 100, ga nauyinka, ga fizgar da kake yi in ka yi tsalle ka cafki mariƙi, wato abin da ake ɗaurawa a bango don kamawa da hannu. Allon filasta na silin ba ya ɗaukar komai. In akwai katakon rufi masu kauri, a gicciya katako ɗaya a kan uku ko huɗu daga cikinsu don nauyin ya rabu, kuma wanda ya san gini ya duba tukun, domin yawancin rufin gareji an yi shi ne don ɗaukar kansa kawai. Da yake haya kake, na fi son ka yi mai tsayuwa da ƙafarsa: ginshiƙi a kowane gefe daga bakin sama zuwa ƙasa, da katako kwance a ƙasa da zai haɗa gindin ginshiƙin da gindin bangon, gefen ya zama kusurwa uku. Waɗannan mahaɗan da bol M12 (mai kaurin milimita 12) da wosha za ka ɗaure, biyu a kowace mahaɗa. Ƙusa da sukuru ba na nan ba ne. Ka kuma sa tokara a karkace tsakanin gefen biyu ta baya, in ba haka ba zai riƙa rangaji hagu da dama.

Sai batun noti, wanda shi ne ke cin lokaci, kuma a nan ne gaggawa ke jawo kuka. Mariƙan ana ɗaure su da bol M10 cikin wani noti mai faifai da ake kafawa a bayan filawud. Ka zana layuka tazarar santimita 20, ka fara santimita 10 daga baki: ramuka 72 ke nan a kowane filawud, 144 a biyun, sai kamar 12 na allon ƙafa. Ka sayi 170. Kafin ka huda, ka zana inda katakon baya zai bi, duk ramin da ya faɗa kansa ka matsar da shi, don bol ba zai sami wurin fita ba. Ka ɗora filawud biyun ka matse su, ka huda tare daga fuskar gaba, da guntun katako a ƙarƙashi don kada baya ya tsage. Bakin huda milimita 12 galibi, amma ka auna wuyan notin da ka saya. Ramin ya shiga a miƙe sak. Ka huda guntun katako mai kauri ya zame maka jagora.

Notin iri biyu ne. Mai fiƙa huɗu da ake bugawa da guduma ya fi arha, amma in ya shiga a karkace ko bol ya tura shi, sai ya saki ya riƙa juyawa tare da bol ɗin, kuma ba ka da gyara sai ka kai hannu baya. Mai ƙananan sukuru biyu ko uku ba ya wannan. Ƙarin kuɗin bai kai takaicin kwance filawud mai kilo 30 ba. Ko wanne ka sa, ka fara ɗaura bol da yatsu zagaye uku kafin ka ɗauko alanki mai milimita 8. In ya yi tauri tun farko, zaren ya hau ba daidai ba, ka fitar. Kada ka taɓa sa masa inji.

Filawud ɗin a manna shi da sukuru mai kaurin milimita 5 da tsawon milimita 50, kowane santimita 20. Fenti ba dole ba ne.

Mariƙai 50 zuwa 60 sun isa farawa. A digiri 40 ka fi yawaita manya masu zurfi, ƙananan su zo daga baya. Na katako sun fi tausaya wa fatar yatsu, kuma ragowar katako mai tauri da samfefa za su ba ka da yawa, muddin ka goge kaifin. Duk babban mariƙi ka ƙara masa ɗan sukuru a gefe don kada ya juya. Matakan ƙafa su zama ƙanana, su ne ke sa ciki da baya aiki.

A ƙasa soso mai kaurin santimita 20 zuwa 30, ba tare da rata tsakanin katifu ba, don a ratar ake gurɗe idon sawu. Ka tuna katifar na rage tsayin allon ƙafa, saboda haka ka tsaida ta ɗan nesa da shi. Garin allin da ake shafawa a hannu don kada ya zame zai cika garejin, ka yi amfani da na ruwa ka bar ƙofa a buɗe. Jijiyoyin yatsu ba sa ƙarfi da saurin tsoka, don haka a gareji mai sanyi ka ɗumama jiki kwata ɗaya tukun, kuma kwana biyu ko uku a mako sun isa. Bayan mako biyu ka bi duk bol ɗin ka sake matsewa, katako na bushewa ya saki. In yara za su shiga, da babba a kusa.

Ka turo min hoton rufin kafin ka sayi katako. A gaishe min da mutanen gida.

Naka,
Abokinka