Godiya ga Hukumar KADIPA: an gaya mini gaskiya kyauta

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Hukumar Bunƙasa Zuba Jari ta Jihar Kaduna, KADIPA. Assalamu alaikum.

Ni mai ƙaramar masana'anta ne da ke matse man waken suya, tunkuzar kuma mu sayar wa masu kiwon kaji. Ban saba rubuta wasiƙa a bainar jama'a ba, yabon ofishin gwamnati kuwa ko a mafarki. Amma yaba kyauta tukuici, abin da aka yi mini a ofishinku ya fi ƙarfin in yi shiru.

Sai na faɗi inda na fito kafin a gane dalilin mamakina. Na fara neman kafa injina ne a wata jiha da ba zan kama sunanta ba. A rediyo kullum ana shelar cewa duk mai kafa masana'anta za a ɗauke masa haraji, a ba shi fili. Na ɗauki fayil ɗina na tafi. Wata bakwai ina zarya. Yau oga ya fita taro, gobe mai riƙe da makullin kabad ya tafi ta'aziyya, jibi a ce fayil ya hau sama. Masinja ma sai ka ba shi na goro kafin ya tuna a wane tebur takardarka take kwance. Wani jami'i ya ja ni gefe ya ce zai samo mini hutun haraji na shekara biyar, in dai zan "ga yara". Na gansu kuwa, har sau biyu. Hutu bai zo ba, injin da na sayo da kuɗin gonar gado yana zaune cikin akwatinsa a shagon ƙanina, ɓeraye na wasa a kai.

Da wannan zuciyar na shigo wurinku, har na ware 'yan canji a aljihun gaba saboda sabo. Wata matashiya ce ta karɓe ni, ba za ta wuce sa'ar 'yata ta fari ba. Ta ce, "Baba, zauna tukuna ka sha ruwa." Ta karanta takarduna shafi bayan shafi, sannan ta ɗauki farar takarda ta ja layi a tsakiya. Gefe ɗaya ta rubuta Tarayya, ɗaya gefen Jiha.

Ta ce harajin ribar kamfani na Gwamnatin Tarayya ne, babu gwamnan da ke da ikon yafe shi. Hutun harajin da ake ta magana a kai, a tsarin da ake bi a lokacin, hukumar bunƙasa zuba jari ta Tarayya, wato NIPC, ce ke bayarwa a Abuja, shekara 3 da farko, ana iya ƙara 2, kuma sai sana'ar da ke cikin jerin da aka amince da shi, sai kuma jari mai nauyi. Ta dube ni ta ce, "Baba, jarinka bai kai ba. Kada ka ƙara ba kowa ko sisi a kan wannan." Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Sai ta ƙara da cewa tun dokar kuɗi ta 2019, kamfanin da cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba, ba ya biyan wannan harajin ma sam, in dai yana miƙa bayanansa a kan lokaci. Wato shekarar farko da nake ta saye wa hutu, doka ta riga ta ba ni kyauta. Na tuna ambulan biyun da na ba jami'in can, na yi dariyar da ta fi kuka ciwo.

A gefen Jiha ta lissafa abin da ke hannunku da gaske: kuɗin fili da na takardar mallaka, kuɗin ƙasa na shekara, rajistar wurin sana'a, harajin albashin ma'aikata. Ta nuna mini inda zan iya neman sassauci, ta gyara mini takardar neman da hannunta, ta kira hukumar filaye ta KADGIS a gabana. Sauran aikin ya tafi yadda ya kamata. Da zan fita na miƙa mata abin da ke aljihuna, ta tura hannuna baya, ta ce in saya wa leburorina abinci ranar da injin ya tashi. Sai da na ji kunya.

Sassaucin da na samu ba wani mai yawa ba ne. Abin da ya fi shi amfani a wurina shi ne dokar jihar ta 2016 da ta tattara haraji wuri ɗaya, ta hana karɓar tsabar kuɗi hannu da hannu. Ka biya a banki, ka riƙe rasit. Mai ƙaramar masana'anta ba biyan haraji ne ke kashe shi ba, rashin sanin nawa ne, kuma wa zai ba, shi ke kashe shi. Ina iya sa haraji cikin farashin jarka. Mutumin da zai faɗo mini ranar Laraba da rasit ɗin da ya bugo a kasuwa, shi ne ban san inda zan sa shi a lissafi ba.

Irin waɗannan kuwa sun cika hanyoyinmu. Motar da ta ɗauko mana wake daga wata jiha sai ta tsaya a shinge bayan shinge, katako mai ƙusoshi a gicciye, samari da sanduna, kowa da sitikarsa. Direba ya iso da gilashin gaba kamar allon talla. Ga wuta: tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin layin da ake kira Band A, na masu samun wuta awanni mafi yawa, naira 225 kowane yunit, masu injina da yawa suka rage awannin aiki. Gwamnoni na ta shirya tarukan zuba jari a manyan otal, ana ɗaukar hoto da baƙi, alhali mai injin niƙa a bayan gari ba shi da wanda zai amsa masa sallama. Ban ƙi manyan ba. Masana'antar abincin kaji ta Olam da aka buɗe a Chikun a 2017 ta motsa kasuwar masara da waken suya, mu ma mun shaida. Amma in bajimi ya sha, a bar wa ɗan maraƙi wurin sa baki.

A Kakuri na tashi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin masaƙa ne, kuma na san lokacin da jiniyar canjin aiki ke cika titi da kekuna har ka rasa wurin tsallakawa. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Yau mutum 14 ke aiki a wurina, uku daga cikinsu 'ya'yan abokan aikin mahaifina ne.

Ban rubuta sunan yarinyar nan ba don kada in jawo mata ido, amma shugabanninta za su gane ta: ita ce mai jan layi a tsakiyar takarda. Takardar tana nan na manna ta a bango bayan teburina. 'Yata, saƙonki ya isa, ranar da injin ya tashi an dafa shinkafa da wake, kowa ya ci har da mai gadi. Allah ya yi miki albarka, ya saka wa iyayenki.

Naku,
Mai matse man waken suya, Kaduna