Ga ɗalibar da kayan yumɓunta ke fashewa a tanderu

Assalamu alaikum, 'yarmu.

Bayan gaisuwa, tambayar da kika yi mana a bainar jama'a ta iso. Kin ce kina ajin ƙarshe, kin ɗauki ginin yumɓu a matsayin aikin kammala digiri, sau biyu kina gashi kayan suna fitowa a fashe ko a tsage, ga shi malamin da ke duba aikinki ya ce har yanzu bai ga bincike a ciki ba. Saura wata huɗu a baje kolin ayyuka, shi ne kike tambaya ko ki bar yumɓu ki koma zanen fenti.

Kada ki canja. Gwajin da zai hana kayanki fashewa shi ne binciken da malaminki ke nema, in dai kin yi shi bisa tsari kin kuma rubuta.

Ki fara da ɓaraguzan, in ba ki zubar ba. Yadda abu ya fashe yana nuna lokacin da ya fashe. In ya tarwatse har gutsattsarinsa sun watsu cikin tanderu, ruwa ne. A digiri 100 na ma'aunin Salshiyas ruwan da ya rage cikin yumɓu yana zama tururi, in bai sami hanyar fita ba sai ya fasa. Ana yawan ɗora laifin a kan iskar da ta maƙale wajen kwaɓi, alhali danshi ne babban mai laifi. Ki taɓa ƙasan abin da bayan hannunki, in kin ji sanyi bai bushe ba. Ki rufa masa leda sako-sako ya bushe a hankali, mako ɗaya zuwa biyu gwargwadon kaurinsa. Duk inda kauri ya haura santimita 2 ki rarake cikin, ki huda ƙaramar kafa. A tanderu kuma ki tsayar da zafi tsakanin digiri 80 da 90 na awa uku ko fiye, kafar leƙe a buɗe. Ki kara madubi a bakin kafar, muddin yana yin gumi kada ki ƙara wuta.

Daga nan ki hau a hankali, kada ki wuce digiri 100 a awa har ki kai 600. Dalili biyu ne. Tsakanin 450 da 600 ruwan da ke haɗe da jikin yumɓun kansa yake fita. A 573 kuma ƙwayoyin yashin silika suna kumbura farat ɗaya da kusan kashi ɗaya cikin ɗari, su sake tsukewa a daidai wannan zafi lokacin sanyaya. In gefe ɗaya na tukunya ya riga ɗayan ƙetare wannan mataki, sai ta tsage. Yumɓun da aka gasa da zafi mai tsanani yana da wani matakin irin wannan wajen digiri 220, shi ya sa ba a buɗe tanderu sai ya huce ƙasa da 100, komai ɗoki. In kin shafa ruwan sheƙi, wato haɗin da ke narkewa a wuta ya rufe fuskar abu kamar gilashi, ki duba bakin tsagar: in sheƙin ya narke ya lanƙwasa ciki, tun wajen hawa ta tsage, in bakin na da kaifi, wajen sauka ne.

Hannun kofi da ke rabuwa da jiki, danshinsu ne bai zo ɗaya ba ranar da aka haɗa su. Ramin da ke ɓantarewa kwanaki bayan gashi, da farin ɗigo a tsakiya, ƙwayar farar ƙasa ce ko gutsuren filasta ya sha danshin iska ya kumbura. Ki ɗiga ruwan tsami na binega a busasshen yumɓu, in ya yi kumfa to akwai ta. Ki jiƙa yumɓun ki tace da rariya mai lamba 60.

Yanzu ga inda bincike yake. A 1993 Christopher Frayling na Kwalejin Zane ta Royal da ke Landan ya bambance bincike a kan zane, da bincike ta hanyar zane, da bincike domin zane. Naki na biyun ne, kuma ba ya tsayuwa sai da tambaya ƙwaya ɗaya da za a iya amsawa. "Nazarin ginin yumɓu" ba tambaya ba ce. Amma in kika ce: wane kaso na garin tsingaro ne ke hana jikin yumɓu tsagewa ba tare da ya ɓata santsin fuskarsa ba, kin sami abin aunawa.

Ki raba yumɓunki kashi huɗu. Na farko zalla, sauran ki zuba garin tsingaro kashi 10, 20 da 30 cikin ɗari, a auna su a bushe bisa sikeli. Daga kowane kwaɓi ki yanka sanduna uku, tsawo santimita 12, faɗi 3, kauri 1. Uku muka ce, domin sanda ɗaya tana iya yaudararki. Ki ja layi mai santimita 10 cif a kan kowace tun tana ɗanya, ki karce lambarta a jiki, don tawadar biro ƙonewa take yi. Ki auna layin bayan bushewa, ki sake aunawa bayan gashi. In ya koma 8.8, yumɓun ya tsuke da kashi 12 cikin ɗari ke nan, kuma da wannan lissafi za ki san girman da za ki gina abu don ya fito yadda kika zana shi. Sai gwajin shan ruwa: ki auna nauyin gasasshiyar sanda, ki tafasa ta awa 5, ki bar ta cikin ruwan awa 24, ki goge, ki sake aunawa. Ki raba ƙarin nauyin da nauyin farko, ki ninka sau 100. Abin da zai riƙe ruwa ba yoyo ana so ya kasance ƙasa da kashi 3. Yumɓun da aka gasa wajen digiri 1000 yakan haura 10.

Abu ɗaya za ki riƙa canjawa a kowane gwaji. Nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe: a canja kwaɓi, a canja zafi, a canja wurin ajiya a tanderu duk rana ɗaya, abu ya yi kyau, a rasa dalili. Kuma kada ki dogara da ma'aunin tanderu kaɗai, shi zafin iskar wuri ɗaya yake karantawa. Ki sa 'yan dalar auna gashi da ake kira kon, irin waɗanda Hermann Seger ya ƙirƙiro a Jamus a 1886, sama da tsakiya da ƙasa. Su ne ke nuna abin da zafi da tsawon lokaci suka yi wa yumɓu tare.

Ruwan sheƙi kuwa, gwajin giram 100 ya isa. Kada ki kusanci duk wanda aka haɗa da dalma, guba ce. Kada kuma ki share busasshen yumɓu da tsintsiya, ƙurar silika tana lalata huhu. Ki goge da jiƙaƙƙen tsumma.

Ki tanadi littafi guda: kwanan wata, lambar kwaɓi, zafin kowace awa, inda abu ya zauna a tanderu, da hotonsa da rula a gefe kafin gashi da bayansa. Babin hanyar bincike da na sakamako daga cikinsa za su fito. Sai dai lambobi ba za su amsa miki komai ba. Mai jarrabawa na waje zai tambaye ki me ya sa wannan siffa, me ya sa wannan girma, kuma amsar tana cikin littafin zanenki. Ki ci gaba da zana siffofin a makonnin da sandunan ke bushewa, ki bari sakamakon ya taɓa zanen. In kashi 30 ya ba ki fuska mai kaushi da ta dace da abin da kike son faɗa, ki karɓe ta, ki rubuta dalili.

Wata na farko na gwaji ne, wata biyu masu bi masa na gini. Ki gina fiye da abin da za ki baje da kamar rabi, ki raba su gashi biyu, kada duka su shiga wuta ɗaya. Gashin ƙarshe ya kasance saura mako uku a baje koli. A ranar ki jera sandunan goma sha biyu da lambobinsu kusa da kammalallun kayan, tare da biyu ko uku daga cikin fasassun farko, kowanne da 'yar takarda mai faɗin abin da ya fasa shi.

Allah ya ba da sa'a. Wassalam.