Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin da ya sayar mini da makirufo mai bawul

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe Manaja.

Jiya na kira layinku sau huɗu, ba wanda ya ɗaga. Shi ya sa na fito da maganar bainar jama'a.

Ranar 6 ga Fabrairu na tura muku naira miliyan 4 da dubu 350, kuɗin da na shekara biyu ina tarawa, don makirufon ɗaukar murya mai bawul (wato ɗan kwan gilashi da ke cikinsa yana ƙara ƙarfin murya) na situdiyona da ke Kano. Rasit yana hannuna, da garantin shekara ɗaya. Sati uku bai yi ba ya fara ƙara kamar ana suyar ƙosai, da wani gurnani a ƙasan murya da ba ya yankewa. Na bar shi ya ɗumama rabin awa kamar yadda ake yi wa mai bawul, na canza wayar makirufon, na kashe fanka da AC. Duk a banza. Wani sha'iri da ya taho daga Zariya ya wuni a ɗakin, ya koma ba mu ɗauki ko baiti ɗaya ba. Ni na ji kunyar, ba ku ba.

Na yi ta rubuto muku, ana ta ce mini "muna kan aiki". Sai ranar 14 ga Afrilu, ƙarfe 11 da minti 20, ma'aikacinku ya ce: "Alhaji, ka kunna wutar 48V kuwa?" Subhanallah! Wannan makirufo daga akwatin wutarsa yake shan wuta, ta waya mai ƙafa bakwai, ba ruwansa da 48V, wato wutar da na'urar ɗaukar murya ke tura wa wasu makirufon. Da na yi masa bayani sai ya ce wutarmu ta Kano ce ta ƙona shi, ya kashe waya. A kan inbata nake aiki, kuma makunnin akwatin yana kan 230V, daidai da ƙarfin wutar ƙasarmu, tun ranar farko.

Ku karɓi kayanku ku gyara ko ku mayar mini da kuɗina cikin kwana 14, har da dubu 85 na aikin da na rasa. Kuma ku faɗa mana gaskiya: sabon bawul ne a ciki ko tsohon da wani ya dawo muku da shi? Don kwalin a buɗe ya iso. Kuna sayar da kayan miliyoyi ba ku da injiniya ko ɗaya da ya san cikinsu. Idan wa'adin ya cika shiru, takarduna za su tafi FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu sayen kaya.

Naku,
Mai situdiyo, Kano